Jakar Tsaba: Yadda Ake Kitsa Ta'asa a Rataya wa Wani

Ranar 17 ga Janairun 1996, wani jirgin sama na fadar shugaban ƙasa ya faɗi dab da Kano, ya hallaka Ibrahim, babban ɗan shugaban mulkin soja Janar Sani Abacha, tare da duk waɗanda ke cikinsa. Washegari, tun ba a gama karɓar gaisuwa ba, bam ya tashi a Otal ɗin Durbar da ke Kaduna. Mutum ɗaya ya mutu. Hukumomi suka nuna cewa shi ne ya shigo da bam ɗin, ya tashi da shi kafin ya kai ga dasawa. Ba su faɗi sunansa ba.

Sai bayan shekara biyu da wata bakwai, a watan Agustan 1998, lokacin da Abacha kansa ya riga ya kwanta dama, sannan gawar ta sami suna. Zakari Biu, jami'in ɗan sandan da ke jagorantar kwamitin fadar shugaban ƙasa na yaƙi da ta'addanci, ya tara manema labarai ya shaida musu cewa mamacin shi ne James Bagauda Kaltho, wakilin mujallar TheNews a Kaduna, ɗan ƙasar Tangale da ke jihar Gombe ta yanzu. Tun wajajen farkon 1996 iyalinsa da abokan aikinsa ke cigiyarsa, suna zargin cewa yana hannun jami'an tsaro. Cikin hujjojin da 'yan sanda suka ambata har da wani littafin Wole Soyinka, babban ɗan adawar gwamnatin, da suka ce an tsinta a wurin.

Matarsa ta ƙi yarda, mujallarsa ma haka. Tambayoyin da suka yi a lokacin har yau suna nan da nauyinsu. In hukuma ta san ko wane ne mamacin, me ya sa ta yi gum shekara biyu da rabi alhali jaridu na buga cigiyarsa? In kuwa ba ta sani ba sai daga baya, da me ta gano? Ina gawar? Ba a miƙa wa iyalinsa ita ba, ba a kuma hukunta kowa a kan ɓatansa ba. Otal ɗin ma babu shi: gwamnatin Kaduna ta rushe shi a watan Janairun 2020, a tsakiyar taƙaddamar mallaka da ta shafi iyalan Abacha.

Da yawa daga cikin matasan da ke tafka muhawarar siyasa a yau a Dutse, ko Gantsa, ko Birnin Kudu, ba a haife su ba lokacin da wannan ya faru. Amma tambayar da ke cikinsa ba baƙuwarsu ba ce, domin da wuya a kai wani babban hari a Arewa ba a sami wanda ya rubuta a Facebook cewa shiri ne ba. Wani lokaci yana da gaskiya. Sau da yawa ba shi da ita. Sanin bambancin yana buƙatar a fara sanin yadda ainihin abin yake aiki.

Tutar ƙarya

Turawa suna kiran wannan dabara da sunan da ma'anarsa ita ce tutar ƙarya. Sunan ya samo asali daga teku, zamanin da jirgin 'yan fashi ko na yaƙi kan ɗaga tutar wata ƙasa domin ya matso kusa da abin harinsa ba a tsargu ba. Bahaushe bai jira jirgin ruwa ba kafin ya san abin. Yana da shafa wa mutum kashin kaji, yana da rataya masa jakar tsaba don kaji su bi shi. Kuma duk wanda ya zauna gaban malami ya ji ƙissar 'yan'uwan Annabi Yusuf, waɗanda suka shafa wa rigarsa jinin ƙarya suka ɗora wa kerkeci laifin da su suka aikata. Malaman tafsiri kan ƙara da cewa rigar ce ta tona su, don babu yaga a jikinta. Wannan ƙarin yana da amfani ga mai bincike: wanda ya kitsa shaida yakan mance da wani abu.

Abin da ya raba tutar ƙarya da ƙazafi na yau da kullum shi ne aiki. Mai ƙazafi baki kawai yake amfani da shi. Mai tutar ƙarya kuwa sai ya zubar da jini ko ya cinna wuta da hannunsa, sannan ya bar alamar abokin gabarsa a wurin. Abin da yake nema ba gawar ba ce, fushin da gawar za ta haifar ne. Da wannan fushin ake shiga yaƙin da dama an shirya shi, ko a kame 'yan adawa, ko a nemi ƙarin kuɗin tsaro, ko a raba kan al'ummomin da haɗuwarsu ke tsoratar da mai mulki.

Misalin da ya fi shahara shi ne na daren 31 ga Agustan 1939, lokacin da jami'an Hitler suka yi shigar 'yan Poland suka mamaye wata tashar rediyo ta Jamus a garin Gleiwitz, suka watsa ɗan gajeren jawabi da harshen Poland. Suka bar gawar wani manomi mai suna Franciszek Honiok, wanda suka kama kwana guda kafin nan, a matsayin ɗaya daga cikin maharan. Da gari ya waye Jamus ta afka wa Poland, Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama. Alfred Naujocks, wanda ya jagoranci aikin, shi ya ba da labarinsa a rubuce ga kotun Nuremberg bayan yaƙin.

A 1954 leƙen asirin sojan Isra'ila ya sa wasu Yahudawan Masar dasa ƙananan bama-bamai a Alƙahira da Iskandariyya, a gidan waya da ɗakunan karatu na Amurka da gidajen sinima, don a zargi 'Yan'uwa Musulmi da 'yan gurguzu, Ingila ta fasa janye sojojinta daga mashigin Suwez. Asiri ya tonu ne da bam ya kama wuta a aljihun ɗaya daga cikinsu a ƙofar sinima. Masar ta rataye biyu. Isra'ila ta daɗe tana kauce wa batun, sai a 2005 shugaban ƙasarta ya karrama waɗanda suka rage da rai. A Amurka ma, a watan Maris na 1962, manyan hafsoshin soja sun miƙa wa gwamnatin Kennedy shawara a rubuce cewa a kitsa hare-hare a ɗora wa Kuba domin a sami dalilin mamaye ta. Gwamnatin ba ta amince ba, kuma takardar ta zauna a ɓoye har 1997.

Shekarun bama-bamai

Bam ɗin Durbar bai zo shi kaɗai ba. Daga 1995 zuwa 1997 Najeriya ta ga jerin fashe-fashe da ba ta saba gani ba: a filin wasa na Ilori, a Kaduna, sannan a Legas, inda a watan Nuwamban 1996 bam ya kashe shugaban tsaron filin jirgin saman Murtala Muhammed, Dokta Sola Omotsola, a watan Disamba kuma aka hari ayarin kantoman jihar, Kanar Buba Marwa. Yatsan gwamnati kullum wuri guda yake nunawa, wato ƙungiyar NADECO da sauran masu fafutukar a tabbatar wa Cif M.K.O. Abiola zaɓen 12 ga Yunin 1993. A watan Maris na 1997 aka tuhumi Soyinka, da Cif Anthony Enahoro, da Janar Alani Akinrinade da cin amanar ƙasa suna gudun hijira. Cif Olu Falae da Dokta Frederick Fasehun kuwa, da suke cikin ƙasa, aka tsare su. Ba a taɓa tabbatar da tuhumar a gaban alƙali ba. Gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta janye ta a 1998.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba duk tashin hankalin wancan zamani ba ne aikin hukuma. A ranar 25 ga Oktoban 1993 wasu samari huɗu, da sunan kare dimokuraɗiyya, sun karkatar da jirgin kamfanin jiragen saman Najeriya zuwa Yamai, suka kuma yi shekaru a kurkukun Nijar. Adawa mai zafin kai ta wanzu. Wannan ma shi ne ya sa zargin gwamnati ya sami masu saye, don in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tutar ƙarya ba ta kafuwa sai a inda dama ake da wanda jama'a za su iya yarda cewa zai aikata.

Amfanin da gwamnati ta samu a bayyane yake. Ga ƙasashen waje da suka juya mata baya bayan rataye Ken Saro-Wiwa a watan Nuwamban 1995, tana iya cewa da 'yan ta'adda take fama. Ga Arewa kuwa, saƙon shi ne cewa adawa da Abacha aikin wani ɓangare ne na ƙasa da ke son wargaza ta. Wannan saƙon ya rufe wa mutane da yawa ido daga ganin cewa 'yan Arewa ma suna cikin maƙurar. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a kurkukun Abakaliki a watan Disamban 1997. Alhaji Sule Lamido na Bamaina, wanda ya riƙe sakataren jam'iyyar SDP na ƙasa lokacin zaɓen 12 ga Yuni, an tsare shi a 1998 tare da Alhaji Abubakar Rimi, ba su fito ba sai bayan mutuwar Abacha.

Kisan Hajiya Kudirat Abiola ya fi kowanne nuna yadda zaren ke sarƙewa. Haifaffiyar Zariya ce, kuma ita ta fi kowa ɗaga murya a kan tsare mijinta. An harbe ta cikin motarta a Legas ranar 4 ga Yunin 1996. Waɗanda 'yan sanda suka fara kamawa su ne wasu 'yan gidan Abiola da dattawan NADECO irin su Sanata Abraham Adesanya, wato abokan gwagwarmayarta. Shi Adesanya, bayan an sake shi, an buɗe wa motarsa wuta a watan Janairun 1997, ya tsira da ƙyar. Da mulki ya sauya, Saja Barnabas Jabila, wanda aka fi sani da Rogers, na rundunar musamman ta fadar shugaban ƙasa, ya fito ya ce shi ya harbe ta bisa umarnin Manjo Hamza Al-Mustapha, dogarin Abacha. A watan Janairun 2012 babbar kotun Legas ta yanke wa Al-Mustapha hukuncin kisa.

To, amma labarin bai tsaya nan ba. Rogers ya riga ya janye maganarsa a gaban kotu, ya ce alƙawura aka yi masa ya faɗi abin da ya faɗa. A watan Yulin 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, ta wanke Al-Mustapha saboda tufka da warwarar shaidu, aka kuma yi masa gagarumar tarba a Kano bayan kusan shekara 15 a tsare. A idon shari'a ba shi da laifi, kuma wajibi ne a faɗi haka. Sai dai wannan na nufin an wayi gari da zargi biyu masu karo da juna a kan gawa ɗaya: cewa gwamnatin soja ta kashe ta ta rataya wa 'yan adawa, da cewa gwamnatin farar hula ta sayi shaida ta rataya wa jami'in soja. Dattawan da aka fara kullewa dai babu wanda ya ƙara cewa su ne.

Hukumar da aka ji, aka rufe

Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa hukumar binciken take haƙƙin ɗan Adam a 1999, ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa, da Fada Matthew Hassan Kukah a matsayin sakatare. An yi zamanta a bainar jama'a, ana nunawa a talabijin, kuma a nan ne 'yan Najeriya suka ji shaidu, har da tsofaffin jami'an tsaro, suna zargin cewa da hannun hukuma a wasu daga cikin bama-baman. Koken iyalin Kaltho na cikin waɗanda aka saurara. Hukumar ta miƙa rahotonta a watan Mayun 2002. Gwamnati ba ta taɓa wallafa shi a hukumance ba, tana kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 a ƙarar da Janar Ibrahim Babangida ya shigar. Ƙungiyoyin farar hula ne suka saki rahoton a intanet a 2005.

A kwatanta da Afirka ta Kudu. Ranar 31 ga Agustan 1988 bam ya ragargaza ginin Khotso House a Johannesburg, hedkwatar majalisar coci-coci mai adawa da wariyar launin fata. Ministan 'yan sanda Adriaan Vlok ya ɗora laifin a kan 'yan ANC, har aka tsare wata 'yar gwagwarmaya, Shirley Gunn, da jaririnta. Shekara goma bayan haka, Vlok ɗin nan ya tsaya gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa ya amsa cewa 'yan sandansa ne suka dasa bam ɗin, ya ce umarnin daga Shugaba P.W. Botha ya fito. Bambancin shi ne hukumar can tana da abin sayen gaskiya: wanda ya faɗi komai yana iya samun afuwa, wanda ya ɓoye yana fuskantar kotu. Ta Oputa ba ta da afuwar bayarwa, ba ta da sandar duka. Babangida da Buhari da Abdulsalami duk sun ƙi bayyana a gabanta, babu abin da ya same su.

Wani ɗan tsokaci da bai kamata ya wuce mutanen Jigawa ba: sunan Zakari Biu ya sake fitowa a watan Janairun 2012, lokacin da Kabiru Sokoto, wanda ake zargi da harin cocin Madalla, ya tsere daga hannun 'yan sandan da ke ƙarƙashinsa. Wannan tserewar ce ta yi awon gaba da kujerar Sufeto Janar Hafiz Ringim.

Bayan soja

Komawa mulkin farar hula bai kashe dabarar ba, sai dai ya sauya mata kama. A daren 7 ga Yunin 2005 'yan sanda a Abuja suka kashe wasu matasa shida, maza biyar 'yan kasuwar kayan gyaran mota ta Apo da mace ɗaya, suka ajiye makamai kusa da gawarwakin, aka ɗauki hoto, aka ce 'yan fashi ne. A nan ba a kitsa kisan don a zargi wani ba. An yi kisan ne, sannan aka kitsa laifin da zai halatta shi, aka rataya wa matattu, waɗanda ba su da bakin musu. Abin da ya tona asirin shi ne 'yan kasuwar sun san 'yan'uwansu, suka ƙi tafiya gida. Kwamitin Mai Shari'a Olasumbo Goodluck ya tabbatar ba 'yan fashi ba ne, gwamnati ta nemi afuwa ta biya diyya. Sai a watan Maris na 2017 kotu ta yanke wa ƙananan jami'ai biyu hukuncin kisa, ta sallami uku, har da mafi girman muƙami a cikinsu.

Akwai kuma nau'in da harin na gaske ne, maharin ma ya amsa, amma ake neman a karkatar da laifin zuwa inda zai yi amfani a siyasa. Ranar 1 ga Oktoban 2010, ana bikin cika shekara 50 da samun 'yanci, motoci biyu suka tarwatse kusa da dandalin Eagle a Abuja, mutum aƙalla 12 suka mutu. Ƙungiyar MEND ta yankin Neja Delta ta aiko da gargaɗi kafin harin, ta kuma ɗauki alhakinsa. Shugaba Goodluck Jonathan ya fito ya ce ba ita ba ce. Cikin 'yan kwanaki jami'an tsaron farin kaya suka gayyaci Raymond Dokpesi, daraktan kamfe na Babangida, wanda ke neman ƙwace tikitin PDP daga hannun Jonathan a tsakiyar rikicin karɓa-karɓa. Henry Okah, jigon MEND, ya shaida wa tashar Aljazeera daga Afirka ta Kudu cewa wani na kusa da shugaban ƙasa ya nemi a janye iƙirarin don a ɗora wa 'yan siyasar Arewa. Fadar shugaban ƙasa ta ƙaryata shi. A 2013 kotun Johannesburg ta ɗaure Okah shekara 24 a kan harin. A 2018 kotun tarayya a Abuja ta yi wa ɗan'uwansa Charles ɗaurin rai da rai. Babu ɗan siyasar Arewa ko ɗaya da aka samu da hannu.

A Sahel kuwa abin ya koma yaƙin hotuna. Sojojin Faransa sun miƙa wa Mali sansanin Gossi ranar 19 ga Afrilun 2022. Cikin kwana biyu hotunan gawarwaki rabi a cikin rairayi suka bazu, ana cewa abin da Faransawa suka bari ke nan. Faransa ta fitar da bidiyon jirgi maras matuƙi da ta ce yana nuna sojojin hayar Wagner na Rasha suna binne gawarwakin bayan tafiyarta. Bamako ta mayar da martani da zargin leƙen asiri da keta sararin samaniyarta. A ranar 25 ga Disamban 2024 kuma Janar Abdourahamane Tiani, cikin wata hira da Hausa, ya zargi Faransa da haɗa baki da hukumomin Najeriya wajen girke 'yan Lakurawa don hargitsa Nijar. Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, ya musanta, shi ma da Hausa. Ga ɗan kasuwar Maigatari da ya ga abin da rufe iyaka ya yi wa cinikinsa daga 2023 zuwa 2024, wannan ba muhawarar masana ba ce.

Daga fada zuwa ƙauye

Ba sai da jirgin sama ko ma'aikatar leƙen asiri ake ɗaga tutar ƙarya ba. Jar hula, da riga mai hoton tsintsiya ko lema, ana sayar da su a kowace kasuwa, kuma duk wanda ya saya zai iya sawa ya je ya yaga fastocin ɗan takarar da ya turo shi, a ɗauki bidiyo. A ƙaddara an wayi gari a wani ƙauyen Buji an ga rumbu ya ƙone, ga sawun shanu a gefen gona. Kafin dagaci ya iso, samari sun riga sun san rugar da za su nufa. Mai yiwuwa makiyayi ne ya yi. Mai yiwuwa kuma wanda ke rikicin iyakar gona da mai rumbun ne, ko wanda ke son a tashi rugar don ya gaji filin. Sawun shanu yana tabbatar da cewa shanu sun wuce. Ba ya faɗin wanda ya ƙyasta ashana. Haka in an kwashe garke cikin dare aka ce an ga masu kayan 'yan sintiri.

Tambayar da aka fi yi a dandalin sada zumunta ita ce wa ya amfana. Tambaya ce mai kyau ta fara bincike, amma mummunar hanya ce ta rufe shi, domin kusan kowace masifa tana da wanda ta yi wa rana. Mai sayar da likkafani yana samun ciniki in an yi mutuwa, wannan bai sa ya zama mai kisa ba. Abubuwan da suka fi nauyi su ne waɗanda suka maimaita kansu a misalan da aka tabbatar. Hukuma ta ambaci mai laifi tun kafin a share wurin. Shaidar da aka tsinta ta yi kyau fiye da kima, kamar littafin ɗan adawa a gefen gawa, ko bindiga a jere kusa da mamaci. An hana dangi ganin gawa, ko an yi gaggawar binne ta. Wanda ake zargi shi ne kuma mai binciken. Sannan matakin da aka ɗauka bayan harin, kame ko doka ko yaƙi, ya fito cikin saurin da ke nuna dama a shirye yake. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce ita kaɗai. In sun taru, biri ya yi kama da mutum.

Abin lura kuma shi ne yadda gaskiya ta fito a duk inda ta fito. Naujocks ya yi magana bayan Jamus ta faɗi, Vlok bayan wariya ta rushe. Takardar hafsoshin Amurka ta jira shekara 35. A Masar kuskuren mai ɗauke da bam ne, a Apo taurin kan 'yan kasuwa. Babu guda da aka warware cikin awa biyu ta hanyar zura wa hoto ido a waya. Saboda haka aikin da ke hannun ɗan jarida ko matashi mai kishin garinsu a ranar farko ƙarami ne kuma mai gajiyarwa: rubuta lokaci, ajiye hoton asali ba wanda aka tura sau goma ba, jin shaidu ɗaya bayan ɗaya kafin labarinsu ya gauraye, da matsa wa hukuma ta bar likita ya duba gawa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ma tana nan, ko da yake ma'aikatu da yawa kan yi kamar ba su san da ita ba.

Ɗaya ɓangaren wuƙar

Gwamnatin da ta binne rahoton Oputa ta bar wa ƙasa wani gado: al'ummar da ba ta yarda da komai, don haka take iya yarda da kowane abu. A shekarun da Boko Haram ke ganiyarta, lokacin da hare-hare suka kai har Ringim da Gwaram, ba a rasa masu cewa a majalisun Arewa babu wata ƙungiya, gwamnatin tarayya ce ke kashe mutane don ta karya yankin. A watan Afrilun 2014 Gwamnan Adamawa, Murtala Nyako, ya rubuta wa takwarorinsa na Arewa wasiƙa mai ɗauke da zargi irin wannan. Akwai laifuffukan da sojoji suka aikata da gaske, waɗanda ƙungiyoyin kare haƙƙi suka tattara; amma wannan daban ne da cewa Abubakar Shekau ƙagagge ne. Duk lokacin da aka ce babu ƙungiyar, an ɗauke wa iyaye dalilin sa ido a kan wanda ke hure wa 'ya'yansu kunne.

A ɗaya gefen kuma irin wannan tunanin ne ya yi aiki, sai dai an juya shi. Da aka sace ɗalibai mata 276 daga makarantar sakandaren Chibok a daren 14 ga Afrilun 2014, wasu na kusa da gwamnatin Jonathan sun ɗauki abin a matsayin wasan kwaikwayo da 'yan siyasar Arewa suka shirya don su kunyata shugaban ƙasa gabanin zaɓen 2015. Aka shafe makonni ana tambayar ko an sace su da gaske, ana titsiye shugabar makaranta da iyaye, alhali masu satar na ƙara nutsawa cikin daji. Shugaban ƙasa bai yi magana a kan batun a bainar jama'a ba sai bayan kusan mako uku. Ranar 5 ga Mayu Shekau ya fito a bidiyo ya ce suna hannunsa. Lokacin da aka cika shekara 10 da sacewar, a watan Afrilun 2024, sama da 80 daga cikinsu ba su dawo gida ba.